Tayoyin da Na Zaɓo a Dahome

Tun ranar da na dawo daga Dahome ban huta da tambaya ba. In na zauna a dakalin ƙofar ofis, tambaya. In an sallame sallar Juma'a, kafin in sa takalmi wani ya riƙe mini hannu: "Malam Umaru, yaya ƙasar Faransawa? Gaskiya ne burodinsu ya kai sanda tsawo?" Sai in ce gaskiya ne, a yi dariya, in sulale. Wata uku ke nan ina sallamar ku da labarin burodi. To, na gaji da ɓoyo. Zan rubuta muku tafiyar nan daki-daki, mai daɗi da marar daɗi, amma ku sani marar daɗin ya fi yawa, kuma ni na jawo shi da hannuna.

Ga wanda takardar nan ta faɗa hannunsa bai san ni ba, ni ne malamin dabbobi na Bagudo. Da aka sami mulkin kai, Baturen da ke riƙe da aikin ya tattara ya koma ƙasarsu, aka ce ni da ban daɗe da fitowa makaranta ba in riƙe wurin. Ya bar mini teburi, da akwatin allurai, da jif mai jan ƙafa huɗu. Jif ɗin kuwa da direbanta ta zo, Baba Arzika.

Baba Arzika gajere ne, mai furfura, sa'an mahaifina. Ya fara tuƙi tun ban iya tafiya ba. Mahaifiyarsa Badendiya ce, don haka yana jin Dendanci kamar Hausa. Ba ya da yawan magana. Kowa Baba yake ce masa, har Baturen.

Da ruwan farko ya sauka, saƙo ya zo daga Arɗo Jaɓɓo, wanda rugarsa ke cikin fadama bayan Illo, cewa ciwon bushiya ya ɓulla a garkunan da ke bakin iyaka. Duk wanda ya san shanu ya san bushiya, in ta shiga garke sai abin da Allah ya tsare. Shugabana a Birnin Kebbi ya aika da maganin rigakafi ɗakin shan magani na Illo, domin a can ne akwai firji mai kananzir, maganin kuwa ba ya jure zafi. Ya kuma rubuto cewa in shirya mota don damina, tunda babu taya a sito, in duba a ƙetaren iyaka. Na aika wa Arɗo ya tara shanun rugagen da ke kewaye da shi ranar Alhamis.

Ranar da za mu tashi, Baba Arzika ya zaga motar yana buga kowace taya da ƙafa. Ya ce, "Malam, na baya biyu kaɗai sunka gaji. A samo irinsu, sirara masu manyan haƙora. Sarƙa kuwa muna da ita. Lakar hwadama ba ta jin maganar komi sai wanga."

Sarƙar da yake nufi ita ce wadda ake naɗa wa taya in za a shiga taɓo, don ta riƙa cizon ƙasa. Tsohuwa ce, ta yi tsatsa, tana cikin buhu a bayan mota. Ni kuwa akwai hoton da ya zauna mini a rai, wanda na gani a wata mujalla da Bature ya bari: motar sahara mai faffaɗan tayoyi, kowace kamar cinyar giwa. Na ce, "Mu je dai mu gani, Baba."

Daga Bagudo zuwa bakin Kwara ba mu sha wahala ba. A mashigi Sarkawa, masuntan kogin, su ne ke yin fito. Manyan jirage biyu suke haɗawa, su ɗaure, su shimfiɗa katako a kai, mota ta hau a hankali kamar mai taka ƙwai. Sarkin fito, wani dogo mai faɗin kafaɗa, yana ganin Baba ya taso da murna, suka daɗe suna gaisawa. Ni ina tsaye a gefe cikin kaki da gajeren wando da doguwar safa, da hular kwano da na gada a ofis. Can ya dube ni ya ce, "Arzika, wanga ɗanka na?"

Baba ya ce, "A'a, maigidana na. Shi al likitan dabbobi yanzu."

Sarkin fito ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! Mulkin kai ya zo da yara."

Masu tuƙin jirgi suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe.

A Illo muka sauka gidan wani ɗan'uwan Baba, ɗan kasuwar kifi. Aka yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wadda in ka ci sai ka lashe har gwiwar hannu. Mutanen Illo suna fara magana da Hausa su ƙarasa da Dendanci ba su ma sani ba, kuma rabin gidajen garin suna da dangi a ƙetare. Iyakar da nake ɗauka wani babban abu, su wurinsu hanyar kasuwa ce. Na je na ga malamin ɗakin magani, ya buɗe firji ya nuna mini kwalaben. Ya ce safiyar Alhamis zai zuba mini su a akwati da ƙanƙara da diddigar katako. Ya ce, "Amma ka gama kafin rana ta karkata. Ƙanƙarar nan ba ta wuce azahar." Na ce na sani, an koya mana.

Washegari muka nufi iyaka. A ɓangarenmu wani itace ne aka gitta a hanya, da ɗan sanda da ma'aikacin kwastan a inuwar tsamiya suna dara. Suka ga motar gwamnati suka ɗaga mana. A ɓangaren Dahome kuwa ɗaki ne fari ƙal, da tuta, da jandarma, wato ɗan sandansu, mai zagayayyar hula. Na ce wa Baba ya zauna, ni zan yi magana. Faransancina duka kalma uku ne: gaisuwa, da godiya, da "wi", wato i.

Jandarman ya karɓi takardarmu ya juya ta, ya yi wata doguwar magana da ta ƙare da alamar tambaya. Na ce, "Wi." Ya ɗago kai ya maimaita. Na ce, "Wi, wi," har da murmushi. Sai ya ja da baya ya ƙwala kira, wasu biyu suka fito da gudu, aka ce mu sauka mu ɗaga hannu. Suka zazzage motar kaf, har buhun sarƙa, har ƙullin garin da matar mai masaukinmu ta ba mu. Baba ne ya yi wa ɗaya daga cikinsu magana da Dendanci. Suka saurara, suka dubi juna, sai dariya, har babbansu yana dafa bango.

Da muka koma mota na ce, "Me ya ba su dariya?"

Baba ya ce, "Tambaya yai ko muna ɗauke da bindigogi."

Bai yi dariya ba, bai ko dube ni ba. Da ya yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi.

Don in wanke kaina, na ce ya ba ni sitiyari. Na ɗan iya tuƙi, Bature ya koya mini a filin makaranta. Abin da ban sani ba shi ne a ƙasar Faransawa hannun dama ake bi, ba hagu kamar namu ba. Muna shan wata kwana sai ga mai keke a gabana, da kwando a baya cike da dogon burodin nan da kuke tambaya. Baba ya ce, "Dama, Malam! Dama sukan bi!" Na murɗa, mai keken ma ya murɗa, muka nufi wuri ɗaya. Allah ya tsare, ya faɗa rami shi da kekensa, burodi ya watse a hanya kamar itacen girki. Baba ne ya sauka ya tashe shi, ya tsince burodin ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗewa, yana ba shi haƙuri da Dendanci. To, kun ji asalin labarin burodin da nake ba ku. Na koma kujerar gefe ba tare da an ce mini in koma ba.

Mun isa garin Malanbil, inda za mu nemi taya, da rana tsaka muka tarar da kantuna duk a rufe. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe al'adarsu ce, da tsakar rana kowa ya rufe ya je ya kwanta sai la'asar, har ma'aikatan gwamnati. Na kuma ga maza biyu manya, masu gemu, sun gamu a hanya suna sumbatar kumatun juna. A Bagudo da an yi haka da an kwana ana zancen.

Baba ya ce mu sauka zango, wurin wani mai masauki Bahaushe da ya sani. Na ce shi ya tafi, ni masaukin manyan ma'aikata zan sauka. Aka ba ni ɗaki mai gado da gidan sauro. Da yamma aka jera mini cokula iri-iri a teburi, da kwalbar wani jan abin sha da na gane ko mene ne daga warinsa, da wani nama yanka-yanka, fari-fari, mai kitse. Na tambayi mai kawo abinci naman me ne, da hannu da ido. Ya yi wani gurnani da hancinsa. Na ture farantin. Da magariba yunwa ta kore ni zuwa zango, na tarar da Baba a tabarma da fatake suna cin sakwara da miyar gyaɗa, da soyayyen cukun Fulani da suke rinawa ja da karan dafi. Ya matsa mini wuri, ya tura mini ruwan wanke hannu, bai tambaye ni komai ba. Na ci har na ji kunya, sa'an nan na tashi na koma gadona mai gidan sauro.

Na ba ku waɗannan ne don ku san halin da zuciyata take ciki da safen da muka shiga gareji. Kwana biyu ina faɗuwa, dattijon nan yana tashe ni, kuma maimakon in gode masa sai haushinsa nake ji.

Mai garejin sunansa Sumaila, Badende ne da ya yi aiki da Faransawa shekaru, manyan motocin da ke hawa arewa duk wurinsa suke tsayawa. Ya ga kakina da hulata sai ya ɗauke ni da Faransanci. Ya kai mu rumfar tayoyi. Ga sirara masu manyan haƙora, irin waɗanda Baba ya ce. Ga kuma, a jingine da bango, waɗanda na gani a hoto: faffaɗa, baƙaƙe wuluk, zanensu ƙanana kamar saƙar tabarma. Na ɗora hannu a kansu.

Sumaila ya girgiza kai ya yi magana mai tsawo. Da ya ga kamar ban gane ba, ya duƙa ya ɗebi rairayi ya sake shi ta tsakanin yatsu, ya nuna faffaɗan, ya ɗaga babban yatsa. Sa'an nan ya zuba ruwa a ƙasa ya kwaɓa, ya dangwala yatsa ya zame shi, ya sake nuna su, ya kaɗa hannu. Ko kurma ya gane. Ni ma na gane. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin jin Faransanci ne ya cuce ni.

Baba ya matso ya ce a hankali, "Malam, cewa shikai wa'anga na rairayi na. Cikin laka ba su..."

Na juya, a gaban Sumaila da ma'aikatansa, na ce, "Direba, ba da kai nake magana ba. Aikinka tuƙi. Zaɓe nawa ne."

Ban taɓa kiransa direba ba sai ranar. Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwa. Ya ce, "To, ranka shi daɗe." Shi ma bai taɓa ce mini haka ba. Ya je ya zauna a kan wata tsohuwar ganga.

Aka kwance tayoyinmu huɗu aka ɗaura faffaɗan, na sa hannu a takarda. Da aka gwada sarƙarmu sai ta ƙi zagaye sababbin, sun fi ƙarfinta. Na ce a bar ta nan, nauyi ne kawai. Sumaila ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa.

Gaskiya, a hanyar komowa sun yi kyau. Daga Malanbil zuwa iyaka rairayi ne, motar kuwa ta riƙa shawagi a kansa kamar jirgi a ruwa. Na riƙa cewa, "Ka ji ko? Ka ji yadda take tafiya?" Yana cewa, "Na jiya." A Illo mutane suka kewaye ta suna shafa tayoyin, ina tsaye ina bayani kamar ni na ƙera su.

Da asubar Alhamis aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke da hantsi. Malamin ɗakin magani ya shirya mini akwati, muka kama hanyar ruga. Da muka zo bakin fadama Baba ya tsayar da mota ya sauka. Ya naɗe wando, ya karyi sanda, ya shiga yana caka ƙasa. Baƙar laka ce, mai danƙo, irin wadda ke cire wa mutum takalmi. Ya dawo ya tsaya ta tagata.

"Ba ta wucewa. Mu bar ta nan, in ɗauki akwati bisa kai. Kahin hantsi shi yi zahi mun isa."

Na hango kaina na isa rugar Arɗo a ƙasa, laka har gwiwa, bayan duk Illo ta ga tayoyina. Na ce, "Shiga ka tuƙa."

Ya shiga. Ya sa ƙaramar giya, ya haɗa ƙafa huɗu, ya bi inda ya fi tauri iyakar iyawarsa. Ba mu yi taki arba'in ba laka ta cike zanen tayoyin, suka koma sumul kamar bayan ƙwarya. Suka riƙa juyawa wuri ɗaya suna feshi, motar tana zamewa gefe, har ta zauna da cikinta.

Nan ne ya kamata in ɗauki akwati in kama hanya. Lokaci yana nan, ƙanƙara tana nan da ƙarfinta. Amma na ce sai mun fitar da ita. Muka yanko ciyawa da rassa muka cusa, tayoyin suka haɗiye su. Muka kafa jak, ya nutse. Wasu manoman shinkafa su shida suka bar gonarsu suka zo turi, laka ta wanke su tun daga kai, motar ba ta motsa ko taki ɗaya ba. Babbansu ya share fuska ya ce, "Malam, in magani na, kawo in kai maka. Na san gajerar hanya."

Na ce, "Likitan gwamnati ba ya zuwa a ƙasa kamar mai tallar maganin basir."

Baba yana ƙarƙashin mota yana haƙa da hannu, ya ji, ya ci gaba da haƙarsa. Ai na riga na rufe masa baki.

Rana ta fito ta buɗe sosai, irin ta bayan ruwa. Muka yi azahar a kan wani tudu. Da na sallame na je na ɗaga murfin akwati, na sa hannu. Ruwa ne, ɗumi-ɗumi, kwalabe suna iyo a cikin diddigar katako. Na rufe da sauri kamar wani zai gani. Na ce, "To, mu tafi a ƙasa."

La'asar sakaliya muka isa. Ban taɓa ganin shanu da yawa wuri ɗaya haka ba. Tun jiya suke nan, garken wannan ruga ya cakuɗe da na waccan, saboda ni na ce a tara su. Arɗo Jaɓɓo, wani siririn tsoho mai sanda, ya taryo mu da fara'a, bai ko dubi lakar jikina ba. Mata suka kawo madara a ƙorai. Ya ce sun gode wa gwamnati da ta tuna da su.

Sai wani saurayi ya matso, Ja'e sunansa, dogo, da kitso da zobe a kunne ɗaya. Ya ce shi ya fi kowa nisa, daga bakin iyaka ya zo, akwai rafi a gabansa da yake tsoron ya cika. Ya roƙa a fara da nasa. Shanunsa goma sha ɗaya ne, goma farare, sai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho.

Na san maganin ya mutu. Ba shakka nake yi ba, sani na yi, darasin farko ne da aka koya mana. Amma ga idanu a kaina, ga madara a cikina, ga godiyar Arɗo. Na buɗe akwati na haɗa allura. Baba yana riƙe ƙaho, ina sokawa, ina ɗaukar almakashi ina yanke gefen kunne, alamar da ke nuna an yi wa dabba rigakafi. Goma sha ɗaya. Ja'e ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi godiya, ya kaɗa shanunsa ya tafi.

Aka jawo saniyar Arɗo ta farko. Baba ya saki igiya ya matso daf da kunnena, yadda ba mai ji.

"Malam Umaru, ni ban yi makaranta ba. Amma shekara da shekaru ina ganin Bature, in ƙanƙara ta narke, zubarwa shikai. In kai ka san wani abin da bai sani ba, to, ci gaba, ni riƙe maka."

Na dubi allurar da ke hannuna. Na ajiye ta, na cire hular kwano, na je gaban Arɗo na tsuguna. Na ce masa maganin ya lalace tun a hanya, na sani, kuma abin da na sa wa shanun Ja'e da ruwa duk ɗaya.

Wani daga cikin samarin ya yi magana mai zafi da Fillanci, Arɗo ya ɗaga masa sanda ya yi shiru. Arɗo ya dube ni ya ce, "Yaro, mota takan kahe, wanga ba komi na ba. Da ka iso kac ce magani ya ɓaci, sai mu ce haka Allah Ya so. Amma ka yanke kunne."

Ya tura samari biyu su bi Ja'e. Suka dawo da magariba, sun ce ya riga ya ƙetare, rafi ya cika a bayansa, ba su san inda ya nufa ba.

Da safe Arɗo ya ba da bijimai huɗu da igiyoyi aka finciko motar. Ba mu tsaya Illo ba sai don in buga wa shugabana waya. Muka sake ƙetare iyaka, wannan karon ina zaune Baba yana magana. Da muka shiga gareji muka tarar da tsofaffin tayoyinmu a jere a gefe guda, da sarƙar a rataye an shafa mata mai, da sababbi biyu sirara a kusa da su. Sumaila ya faɗi wani abu da Dendanci. Na tambayi Baba, ya yi kamar bai ji ba, sai da na sake tambaya.

"Ya ce ya san muna dawowa. Rana ce dai bai sani ba."

A hanyar komowa na yi ta juya maganar a bakina, har muka kusa iyaka. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na wulaƙanta ka a gaban mutane, kuma kai ke da gaskiya tun daga Bagudo."

Bai ɗauke ido daga hanya ba. Ya ce, "Na yahe, Malam. Ba komi." Muka ɗan taɓa tafiya, sai ya ƙara da cewa, "Amma ni ba ni da shanu."

Na rubuta wa shugabana duk abin da ya faru, ban rage ba. Amsar da ya aiko tana cikin fayil ɗina, za ta bi ni har in bar aiki, kuma na cancanta. Sabon magani ya ɗauki kwana tara kafin ya iso Illo. Ranar da muka koma, Baba ya tsaya a bakin fadama, muka naɗa sarƙa ni da shi, ya nuna mini yadda ake ɗaure ƙugiya. Motar ta ratsa lakar nan tana gurnani, ta wuce ramin da muka haƙa, ba ta tsaya ba sai ƙofar ruga.

Amma bushiya ta riga mu. A cikin shanun da na sa aka tara kwana biyu akwai masu ɗauke da ita, ta bi kowane garke gida. Tun daga nesa muka ga ungulaye. Maruƙa suka fi mutuwa. Arɗo ya fito ya gaishe mu, ya sa aka riƙe mini waɗanda suka rage na yi musu allura. Ba wanda ya zage ni. Madara dai ba a kawo ba.

Ja'e kuwa har yau ban same shi ba. Na tambaya a kasuwar Illo, na tambaya a Dole Kaina, na aika wa Sumaila ya sa ido a nasu ɓangaren. Wasu sun ce ya yi yamma, wasu sun ce ya ƙetare Kwara. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, duk malamin dabbobin da ya gamu da shanun nan, namu ko na Faransawa, zai dubi kunnensu ya wuce su, shi kuwa zai shiga da su ko'ina hankali kwance, domin likitan gwamnati ya taɓa su da hannunsa.

Ku da kuke yawo, masu fatauci da malaman makaranta da masu zuwa cin kasuwa, ga abin da nake roƙonku. In kun ga wani dogon Bafillace mai zobe a kunne ɗaya, da fararen shanu da jar saniya mai karyayyen ƙaho, ku tsayar da shi. Ku ce masa yankan kunnen nan ƙarya ne, ya nemi allura tun da wuri. In ya tambaya wa ya ce, ku ce Umaru na Bagudo, wanda ya yanka.